Kurakuran da aka fi yi wajen kashe sensar kusanci ta waya da sikirif

Sensar kusanci ita ce 'yar na'urar da ke saman waya, kusa da inda kake sa kunne. Aikinta ta kashe fuskar waya da zarar ka kara ta a kunne, don kada kunci ya riƙa danne-danne. Idan ta rikice, kana amsa kira sai fuskar ta yi duhu, ta ƙi dawowa, ko katse kiran ba za ka iya ba.

Shi ya sa wasu ke kashe ta da sikirif, wato ɗan fayil mai jerin umarnin da waya za ta aiwatar. Kafin a yi maganar sikirif, a duba wurin tukuna. Sau da yawa gilashin kariya ne ya rufe sensar, ko ƙura da maiƙo, ko kuma mai gyara ya canza gilashin waya bai mayar da 'yar robar da ke zagaye sensar ba. A goge, a cire kariyar, a gwada. A wayoyin Samsung da yawa lambar *#0*# tana buɗe shafin gwaji.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwafo sikirif ɗin wata waya. Fayil ɗin da ke sarrafa sensar, wanda sikirif ke rubuta 0 a ciki don ya kashe ta, yana cikin /sys, jakar da tsarin waya ke sarrafa na'urorinta, amma wurinsa ya danganta da kamfani da samfuri. Na Samsung ba zai dace da Tecno ba. Wasu wayoyin Xiaomi ma ba su da sensar ta zahiri, manhaja ce ke aikin da sautin da kunne ba ya ji. Ka fara da umarnin dumpsys sensorservice, wanda ke jero sensocin waya, ka ga sunan taka. Rubuta 0 a fayil ɗin da ba ka san aikinsa ba kasada ce, tana iya tsayar da wata sensar daban.

Sai ƙananan abubuwa masu ɓata rana. Android ba ta zuwa da bash, manhajar da aka saba tafiyar da sikirif da ita a Linux, saboda haka layin farko na sikirif ya zama #!/system/bin/sh. Sikirif ɗin da aka rubuta a Windows kan zo da ƙarshen layi irin na CRLF, wayar ta yi ta cewa ba ta ga umarnin ba. A mayar da shi LF, irin wanda Android ke ganewa. Ba tare da rut ba kuwa, wato cikakken iko a kan tsarin waya, babu abin da zai rubutu a /sys.

Duk abin da ka canza a can yana gogewa idan wayar ta sake kunnuwa. Mai Magisk, manhajar da ke ba da rut, ya ajiye sikirif ɗin a /data/adb/service.d don ya riƙa aiki duk lokacin da waya ta kunnu, ya ba shi izini da chmod 755. Masu kashe SELinux, tsarin tsaron Android, da umarnin setenforce 0 don sikirif ya wuce kuwa, gaskiya ban yarda da su ba: wayar da ke ɗauke da manhajar banki ba a cire mata tsaro saboda sensa ɗaya.

Daga Android 10 akwai maɓallin Sensors off a Developer options da ke kashe sensocin waya, ba ya buƙatar rut. Sai dai yana rufe kyamara da makirfon manhajoji, don haka kiran WhatsApp zai tafi ba murya. Idan katse kira ne kawai damuwarka, kunna Power button ends call a sashen Accessibility, maɓallin gefe ya riƙa katsewa.