Yadda Ake Zaɓen Malafa da Amfani da Ita a Tattaki, a Sansani da Kuma Yau da Kullum

Duk wanda zai yini a fili, ko yana tattaki a kan tsaunuka, ko ya kafa tanti a daji, ko kuwa harkokinsa na yau da kullum ne suke fitar da shi da tsakar rana, fuskarsa da kunnuwansa da ƙeyarsa su ne rana ta fi duka, domin riga da wando suna rufe sauran jiki amma waɗannan a buɗe suke. Hular hana-salla, wadda mutane da yawa suke ganin ta wadatar, goshi da saman hanci kawai take yi wa inuwa, ta bar kunnuwa da kumatu da bayan wuya a rana. Malafa mai faɗin baki ita ce take kewaye kai da inuwa ta kowane gefe, sai dai amfaninta ya dogara ne ga abubuwa biyu: inuwarta ta sauka inda ake buƙata, kuma ta zauna a kai tun daga fita har dawowa.

Abin da ake gudu a rana ya wuce zafin da fata take ji. A cikin haskenta akwai wani nau'i da ake kira UV, wanda ido ba ya ganinsa kuma jiki ba ya jin ɗuminsa, shi ne yake ƙona fata, ya tsufar da ita da wuri, ya kuma jawo sankarar fata da yanar ido bayan shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a kare jiki da zarar ma'aunin UV na ranar ya kai 3, kuma yawancin manhajojin hasashen yanayi da ke cikin waya suna nuna wannan ma'auni. Hasken ya fi ƙarfi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, kuma wanda ba ya riƙe da agogo zai iya duba inuwarsa a ƙasa: idan ta fi shi gajarta, to lokacin kariya ne. Masu hawan tsauni suna da ƙarin dalili, saboda ƙarfin UV yana ƙaruwa da kimanin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari a duk mita 1,000 da aka hau, alhali iskar can mai sanyi ce, tana sa mutum ya ɗauka rana ba ta yi masa komai. Gajimare marar kauri ma ba ya tare mafi yawan wannan haske. Gaskiya ne baƙar fata tana da kariya ta halitta da ta fi ta farar fata, amma kariyar ba cikakkiya ba ce, kuma ba ta hana ido cutuwa. Ga zabiya kuwa, malafa da doguwar riga suna cikin abubuwan da lafiyarsa ta rataya a kansu kowace rana.

Wajen zaɓe, a fara da faɗin baki. A ƙasar Ostareliya, inda sankarar fata ta fi yawa fiye da kusan ko'ina a duniya, ƙa'idar da masu yaƙi da cutar suke bayarwa ita ce bakin malafar babban mutum kada ya gaza santimita 7.5. A ganina, tsakanin wannan da santimita 10 shi ne ya fi dacewa da mai tafiyar ƙasa, domin abin da ya zarce haka iska ce take kama shi, ya riƙa sarƙewa da rassan itatuwa, ya kuma tare wa mutum ganin abin da ke gabansa idan hanya ta yi hawa. Ƙarfin bakin ma abin dubawa ne: wanda ya cika laushi yana faɗowa a kan ido ko iska ta naɗe shi sama, wanda ya cika tauri kuma ba ya shiga jaka. Hanya mafi sauƙi ta gwada malafa ita ce a sa ta, a fita rana kusa da tsakar rana, a dubi fuska a madubi ko a kyamarar waya. Idan inuwar ta rufe hanci da kunnuwa biyu ta gangaro har haɓa, malafar ta yi. Idan ana ganin haske a leɓatun kunne, a nemi wata.

Bayan faɗi sai abin da aka yi ta da shi. Malafar kaba ko ta ciyawa tana shan iska sosai kuma ba ta da nauyi, amma saƙarta ce take raba mai kyau da marar kyau. A ɗaga ta sama a kalli rana ta cikinta: idan haske yana ratsowa ɗigo-ɗigo ta ko'ina, haka UV zai ratso zuwa fatar kai da fuska, sai dai in an yi mata shafi da yadi daga ciki. Yadin auduga mai kauri yana tare haske kuma yana shan gumi, amma yana daɗewa bai bushe ba. Nailan da foliyesta ba su da nauyi, suna bushewa da sauri, shi ya sa yawancin malafun tattaki da su ake yi. A jikin wasu za a ga an rubuta UPF da wata lamba, wadda take nuna yawan UV ɗin da yadin yake bari ya wuce. UPF 50 na nufin kashi ɗaya cikin hamsin ne kawai yake ratsawa, wato kashi 2 cikin ɗari. Ragar da ake sa wa a gefen ƙoƙon malafa domin iska ta shiga tana da amfani ƙwarai, amma mai sanƙo ko mai aske kai ya tabbata saman ƙoƙon a rufe yake ruf. Wani ɗan abu da ba a cika kula da shi ba shi ne launin ƙarƙashin baki: idan mai duhu ne, yana shanye hasken da ke tasowa daga ƙasa, ido ya huta da ƙyalli, yayin da fari yake mayar da shi kan fuska.

Sai girma. A ɗauki tef ɗin awo irin na tela, ko zare da za a auna daga baya, a zagaya kai da shi ta tsakiyar goshi da ɗan saman kunnuwa. Kan yawancin manya yana tsakanin santimita 54 da 60. Mai yawan gashi ko kitso, ko wadda za ta ɗora malafar a kan kallabi, ta yi awon a yadda za ta fita. Malafar da ta yi daidai tana barin yatsa ɗaya ya shiga tsakaninta da goshi, kuma ba ta faɗuwa idan an sunkuya. Wadda ta matse tana barin shaida a goshi, ta kawo ciwon kai bayan sa'o'i kaɗan, kuma ƙarshenta mai ita ya cire ta ya rataya a jaka daidai lokacin da rana ta take.

A kan hanya, a sa malafa ta zauna sosai, bakinta na gaba ya ɗan sunkuyo zuwa saman gira, kada a tura ta ƙeya, domin hakan yana buɗe fuska gaba ɗaya. Da hantsi da kuma la'asar, lokacin da rana take gefe, ana karkata ta zuwa ɓangaren da hasken yake fitowa. Igiyar haɓa ba kwalliya ba ce. A kan tudu ko bakin ruwa, iska ɗaya tana iya ɗauke malafa kamar faifai, kuma wanda ya zabura zai cafke ta a kan siririyar hanya mai gangare yana iya zamewa. A ja igiyar tun kafin a isa inda iska take kaɗawa, ta taɓa ƙarƙashin haɓa ba tare da ta shaƙe ba. In kuwa duk da haka malafar ta tashi ta gangara rami, a bar ta.

Mai goyon babbar jaka zai gamu da wata matsala: saman jakar yana ture bakin malafa ta baya, ya turo ta kan ido a duk taku. Maganin wannan shi ne a rage tsayin kayan da ke saman jakar, ko a zaɓi malafar da bakinta na baya yake da laushi yana lanƙwasawa, ko irin wadda aka ɗinka mata ƙyalle yana saukowa ya rufe ƙeya. Idan zafi ya tsananta kuma akwai ruwan da ya wuce na sha, a jiƙa malafar yadi a mayar da ita kai, bushewar ruwan za ta sanyaya kai na ɗan lokaci. Wannan dabara ta fi aiki a busasshiyar iska. Ba ta kuma maye gurbin shan ruwa da hutawa a inuwa, kuma duk wanda ya fara jin jiri ko tashin zuciya ko matsanancin ciwon kai ya tsaya nan take ya nemi wuri mai sanyi.

Ya kamata a san iyakar malafa: abin da ya sauko daga sama take tarewa. Hasken da ya bugi ƙasa ya dawo yana shigowa ta ƙarƙashin bakinta, kuma yawansa ya danganta da inda ake tsaye. Sabuwar dusar ƙanƙara tana iya mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na UV, kumfar teku kusan kashi 25, busasshen yashin gaɓa kuma kimanin kashi 15. Don haka a haɗa ta da tabarau mai tare UV, a kuma shafa man kariya daga rana mai lambar SPF (wadda take nuna ƙarfin kariyarsa) 30 ko fiye a kumatu da haɓa da wuya, a sake shafawa bayan kowace sa'a biyu ko bayan gumi mai yawa.

A sansani, mutane sukan cire malafa da zarar sun ajiye kaya, alhali kafa tanti da ɗebo ruwa da girki duk a rana ake yin su. A bar ta a kai har rana ta yi sanyi. Kusa da wuta kuwa a cire ta, domin kaba tana kamawa da tartsatsi ɗaya, nailan kuma narkewa yake yi ya manne wa fata. Inda sauro ko ƙananan ƙudaje suka yi yawa, ana ɗora ragar fuska a kan malafa, bakin ya nisanta ragar daga fata yadda ƙwaro ba zai yi cizo ta cikinta ba. Wajen haɗa kaya, a cusa safa ko riga a cikin ƙoƙon, a shimfiɗa bakin a kwance tsakanin tufafi; malafar kaba dai gara a rataye ta a bayan jaka da a danne ta.

A cikin gari abin da yake hana amfani da ita mantuwa ce, saboda haka a rataye ta kusa da ƙofar fita. A cire ta yayin tuƙin mota, domin bakinta yana rage ganin gefe, kuma a kan keke ko babur hular kwano ce ta dace, ba a kuma cusa malafa a ƙarƙashinta. Ga yara ƙanana, a zaɓi mai igiyar da take ɓallewa da kanta idan an fizge ta, ko a cire igiyar a wurin wasa, don kada ta maƙale a lilo ko reshe ta shaƙe yaro.

Gumi da man shafawa suna taruwa a zagayen ciki inda malafa take taɓa goshi, kuma nan ne take fara lalacewa. Ta yadi ana wanke ta da hannu cikin ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a goge zagayen da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye ba tare da an murɗe ta ba, sannan a kifa ta a kan kwano ta bushe a inuwa. Ta kaba ba a tsoma ta cikin ruwa. Ana goge ta da ɗanyen ƙyalle, in bakinta ya lanƙwashe a kara shi a tururin ruwan zafi a miƙe shi da hannu. Kada a adana kowace iri da danshi, domin fumfuna za ta kama ta. A farkon kowane lokacin zafi a sake ɗaga ta a kalli haske ta cikinta, kuma idan yadin ya yi shara-shara ko saƙar ta buɗe har haske yana ratsa saman ƙoƙon, lokacin sauya ta ya yi.