Yadda ake naɗa kwayil na na'urar gano ƙarfe a kuma daidaita shi

Yawancin masu koyon haɗa na'urar gano ƙarfe suna ƙarar da ƙarfinsu a kan allon sakit, su bar faifan bincike, wanda yake ɗauke da kwayil, wato naɗin waya, sai ƙarshe, su naɗa shi a gurguje, sannan su rasa dalilin da ya sa na'urar take ta kuka babu gaira babu dalili, ko kuma ta yi gum ko da an kusanto mata da guduma. Kusan kullum matsalar tana cikin faifan. Zan ɗauka cewa an riga an haɗa sakit irin na VLF, wato wanda wutarsa take kai da komo sau dubu 3 zuwa dubu 30 a daƙiƙa (kilohaz 3 zuwa 30), in tsaya a kan kwayil biyu masu siffar harafin D, ɗaya mai aikawa, ɗaya mai karɓa.

Wanda bai san abin da yake faruwa a cikin faifan ba, ba zai iya daidaita shi ba. A shekarar 1831 Michael Faraday ya nuna cewa filin maganaɗisu mai canzawa yana tayar da wutar lantarki a cikin waya ko ƙarfen da ya ratsa. Kwayil mai aikawa yana ɗauke da wuta mai kai da komo, don haka filinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan filin ya iske tsabar kuɗi a ƙasa, sai wata 'yar wuta ta riƙa kewayawa a cikin tsabar, ita ma ta haifar da nata ƙaramin fili wanda yake adawa da canjin da ya tayar da ita, kamar yadda Lenz ya bayyana a 1834. Wannan ƙaramin fili shi ne kwayil mai karɓa yake nema, alhali ga babban filin maƙwabcinsa a gefensa, wanda zai danne shi idan ba a soke shi ba.

A fara da naɗi. A yanka katako a siffar D, a naɗa wayar jan ƙarfe mai rufin banis a kansa, a ƙirga zagayen daidai da abin da zanen sakit ya nema. Kada a ƙara zagaye da sunan ƙara ƙarfi, domin indoktans, ma'aunin yadda kwayil yake turje wa canjin wuta, yana tashi ne da murabba'in yawan zagaye, wato ninka zagaye sau biyu yana ninka shi sau huɗu, kuma hakan zai sa kwayil ya daina dacewa da kafasitar da aka zaɓa masa, wato 'yar na'urar da take tara cajin lantarki. Wayar da aka warware daga tsohuwar taransifoma tana rage kashe kuɗi, amma idan banis ɗinta ya kankare a wuri ɗaya, zagaye biyu za su haɗe, aikin ya lalace. Ni dai sabuwa nake amfani da ita. A ɗaure naɗin da zare tamau, har ya zama ba ya lanƙwasa a hannu.

Daga nan sai garkuwa, wadda take hana danshin ƙasa da jiƙaƙƙiyar ciyawa su rikita sigina. A nannaɗe kowane kwayil da siririyar takardar alminiyam, a haɗa ta da layin ƙasa na sakit, amma dole a bar giɓi na kimanin santimita ɗaya tsakanin farkonta da ƙarshenta. Idan bakunan biyu suka haɗu, garkuwar ta zama rufaffen zobe, wuta za ta kewaya a cikinta ta shanye filin.

Yanzu aka zo wurin da masu koyo suka fi faɗuwa. Ana ɗora miƙaƙƙen gefen D ɗaya a kan na ɗayan, su ɗan hau juna. Filin da yake ratsa wurin da suka hau juna yana fuskantar gefe guda, wanda kuma yake dawowa ta wajen kwayil mai aikawa ya ratsa ragowar mai karɓa yana fuskantar ɗaya gefen. Akwai wuri guda tak da waɗannan biyu suke cinye juna, sigina ya sauka kusa da sifili. A jona osiloskop, na'urar da take zana siffar sigina a allo, ko mita mai iya auna wuta mai kai da komo a wannan saurin, a bakin mai karɓa, a kafe mai aikawa, a riƙa tura mai karɓa da tsinken katako kaɗan-kaɗan. Adadin zai riƙa sauka, ya kai ƙasa, ya sake hawa, kuma tazarar da ke tsakanin daidai da kuskure ba ta kai milimita ɗaya ba. Wanda ya tura da yatsa sau da yawa yakan tsallake wurin bai sani ba.

Kafin a taɓa komai a duba teburin. Ƙusa a cikin katako, rodi a cikin daɓen siminti, agogo ko zobe a hannu, duk suna shiga cikin awon, sai mutum ya daidaita faifansa da ƙusar tebur, yana ɗaga shi daidaiton ya watse. A 1881 Alexander Graham Bell ya yi amfani da na'ura mai wannan ka'ida don neman harsashi a jikin shugaban Amurka James Garfield, bai same shi ba, kuma ana danganta wani ɓangare na gazawar da ƙarafan da ke cikin gadon da aka kwantar da shi. A yi aikin a kan kwali ko roba, nesa da ƙasa da bango. Kuma kada a daidaita kafin a sa garkuwa, domin ita ma tana gusar da wurin.

Gam ma yana da nasa sharri. Efoksi yana ɗan tsukewa yayin bushewa, ya ja kwayil. A ɗiga shi a wurare uku ko huɗu, a bar mita a jone, a jira ya bushe, a sake dubawa, sannan a cika sauran a hankali. Ina barin ɗan madaukin waya a waje daga naɗin mai karɓa, wanda lanƙwasa shi kaɗan yake gyara abin da ya gusa, sai a manne shi a ƙarshe.

Gwaji ba shi da wuya. A gitta tsabar kuɗi, sannan ƙusa, ta tsakiyar faifan; jinkirin da siginarsu take yi a bayan ta mai aikawa ya bambanta, kuma da wannan bambanci sakit yake rarrabe baƙin ƙarfe da sauran. Idan zurfi bai kai yadda ake so ba, kada a ruga a ƙara batir, domin ga ƙaramin abu mai nisa sigina yana raguwa da sauri ƙwarai idan nisa ya ƙaru, har ninka nisa sau biyu yana rage shi kusan sau 64. Faifai mai faɗi ya fi kai wa zurfi, amma ƙananan abubuwa sukan kuɓuce masa.