Yadda Ake Haɗa Na'urar Zana Da'ira Mai Siffar Ƙwai

Kafintocinmu da ke aiki a Jidda da Makka sun san cewa idan mai gida ya nemi tebur ko madubi mai siffar ƙwai, wadda Larabawa ke kira baidawi, firjar (kamfas ɗin zana da'ira) ba zai biya buƙata ba, domin cikakkiyar da'ira kaɗai yake fitarwa. Na'urar da ke magance wannan tsohuwa ce ƙwarai. Ana jingina ta ga Arkimidis, masanin lissafin nan na Sirakusa da ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a ƙarni na 10 Abu Sahl al-Kuhi, masanin lissafi da ya yi aiki a Bagadaza, ya yi rubutu kan wani firjar na daban da ke zana irin wannan siffa.

Da farko, a samu katako mai faɗin santimita 50 ta kowane gefe, a fafe masa kwari biyu da suka gitta juna a tsakiya kamar alamar tarawa. A sassaƙa 'yan guntayen katako biyu da za su riƙa zamewa cikin kwarin ba tare da girgiɗi ba, sannan a goga musu kyandir.

Awo shi ne wurin da ya kamata a natsu. A ce teburin da ake so tsawonsa santimita 120 ne, faɗinsa kuma 80. Rabinsu ke nan 60 da 40. A ɗauko miƙaƙƙiyar sanda, a huda bakinta a sa fensir, sannan daga fensirin a auna 40 a huda, a kuma auna 60 daga fensirin a sake hudawa. Hudar 40 za a ɗaura da sukuru a kan guntun da ke bin tsawon teburin, ta 60 kuwa a kan wanda ke bin faɗinsa. Nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, domin idan aka musanya su, sai zanen ya fito a gicciye. Kada a ɗaure sukurun tamau, saboda sandar tana buƙatar juyawa.

Daga nan sai a kafe na'urar a tsakiyar allon da za a yi teburin da shi, kwari ɗaya yana bin tsawonsa, a zagaya da sandar sannu a hankali har fensirin ya dawo inda ya tashi. A ganina ta fi dabarar ƙusa biyu da zare, domin zare yana talewa. Magina ma suna fitar da bakan ƙofa da ita, sai dai rabin zanen kawai suke ɗauka.