Yadda za ka gane ko tsohuwar kwamfutar hannu tana da sauran amfani

Kwamfutar hannu irin su iPad da Galaxy Tab ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba. Abin da ya fi faruwa shi ne kamfanin da ya ƙera ta ya daina aiko mata da sabuntawa, manhajoji su fara ƙin sauka ɗaya bayan ɗaya, sai mai ita ya jefa ta cikin durowa yana ganin ta gama yayi, alhali allonta da lasifikarta lafiya lau suke. A ganina yawancin irin waɗannan na'urori sun cancanci a ci gaba da morar su, da sharaɗin a raba su da sirrin mutum, a kuma ba su aiki ɗaya wanda suke iyawa.

Fara da duba batir, domin shi ne abin da zai iya yi maka illa a jiki. Ɗora na'urar a kan tebur ka dube ta ta gefe. Idan allon ya ɗan ɗago daga jikinta, ko bayanta ya yi tudu har tana karkacewa in ka danna kusurwa ɗaya, to batirin ya kumbura. Kada ka ƙara jona ta da caja, kada ka matse ta don ta koma daidai, kada kuma ka huda batirin, saboda batirin lithium da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Mai gyara ne kaɗai ya kamata ya buɗe ta. Idan kuwa matsalar saurin ƙarewar caji ce kawai, wannan tsufa ne. Kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera batirin iPad ne don ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 1,000, saboda haka na'urar da cajinta ya ragu tana iya ci gaba da aiki a kusa da soket.

Bayan batir sai babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kuma a nan ne ya kamata a fi natsuwa. Shiga saituna, ka nemi sashen da ke bayani game da na'urar, ka duba lambar Android ko iOS ɗin da take ɗauke da shi. Tun daga Android 6.0 ana kuma nuna ranar da aka yi mata gyaran tsaro na ƙarshe, kuma wannan ranar ta fi shekarar da ka saye ta muhimmanci. iPad na farko da ya fito a 2010 ya tsaya a iOS 5.1.1, iPad 2 na 2011 bai wuce iOS 9 ba, iPad Air na 2013 kuma ya tsaya a iOS 12. A ɓangaren Android, Google ya daina sabunta hidimomin Play, waɗanda manhajoji da yawa ke dogara da su, a kan Android 4.4 a shekarar 2023. Akwai kuma wata matsala da kan rikita mutane. Shafukan intanet da yawa suna dogara da shaidar tsaro ta wata cibiya mai suna Let's Encrypt, wadda na'urorin da Android ɗinsu bai kai 7.1.1 ba ba su san ta ba, shi ya sa burauza take kashedin cewa shafi ba amintacce ba ne alhali babu abin da ya same shi. Burauzar Firefox tana zuwa da nata jerin shaidu, don haka takan magance wannan idan na'urar ta yarda ta sauke ta.

Na'urar da ta daina samun gyaran tsaro, duk wata ɓaraka da aka gano a cikinta daga baya za ta ci gaba da zama a buɗe ga masu kutse. Saboda haka ka cire manhajar banki, ka fita daga babban asusun imel ɗinka, ka goge kalmomin sirrin da burauza ta adana. Ina jaddada batun imel musamman, domin wanda ya shiga shi zai iya sauya kalmar sirrin kusan duk sauran asusunka. Idan dole sai an saka asusu, buɗe sabo wanda babu komai naka a cikinsa, kuma ka guji sauke manhaja daga shafukan da ba ka sani ba don kawai rumbun manhajoji ya ƙi ba ka ita.

Daga nan sai ka zaɓa mata aiki. Wanda ya fi dacewa da ita shi ne wanda ba ya buƙatar intanet: karanta littattafai da takardun PDF, sauraron darussa da aka riga aka sauke, kallon bidiyon da ke cikin ma'adanarta, ko nuna hotunan iyali a kan kanta. Karatu ne na fi ba da shawara, domin faɗin allonta ya fi na waya sauƙi ga ido, kuma buɗe littafi ba ya wahalar da na'ura komai tsufanta. Idan yaro za ka ba, iPad da Android duk suna da saitin da ke kulle na'ura a kan manhaja ɗaya. Idan kuma ajiye ta za ka yi na wasu watanni, ka bar cajin a wajen rabi, ka kashe ta, ka sa ta inda babu zafi.

Wadda batirinta ya kumbura kuma gyaran bai cancanci kuɗinsa ba, ko wadda ba ta iya ko buɗe littafi ba tare da ta sandare ba, rabuwa da ita ya fi. Kwashe hotunanka da takardunka, ka zare katin ma'adana da layin waya idan akwai, ka fita daga asusun Google ko na Apple, sannan ka goge ta ta koma yadda ta fito daga kamfani. Fita daga asusun kafin gogewa wajibi ne, domin tun daga iOS 7 da Android 5.1 akwai kullen hana sata wanda zai iya hana sabon mai ita amfani da ita. Kada ka jefa ta cikin shara ko ka ƙona ta. Kai ta wurin masu karɓar tsofaffin kayan lantarki. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa duniya ta samar da tan miliyan 62 na irin wannan shara a 2022, kuma kashi 22.3 cikin 100 ne kacal aka tabbatar an tattara an sake sarrafa shi yadda ya kamata.