Bayan tiyatar gwiwa: kurakuran da ke mayar da ɗan wasa gidan jiya

Cikin raunukan da ke kai ɗan ƙwallo ɗakin tiyata, babu wanda ya yi suna kamar tsinkewar jijiyar da likitoci ke kira ACL. Tana can cikin gwiwa, ita ke riƙe ƙashin ƙwauri kada ya zame gaba ya bar na cinya. Sau da yawa ma ba taɗe mutum ake yi ba. Ya kafe ƙafa a ƙasa ya juya da sauri, ko ya diro daga tsalle, sai ya ji ƙas, cikin 'yan sa'o'i gwiwa ta kumbura. Galibi likita ba ɗinke tsohuwar jijiyar yake yi ba. Wata yake yankowa daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa ya dasa a gurbinta. Aikin bai cika wuce awa biyu ba, amma jinyarsa takan ci wata 9 zuwa 12, kuma a cikin waɗannan watannin ake yin ɓarnar da ba laifin likita ba ce.

Kuskuren farko daga tausayi yake zuwa. An dawo da yaro gida yana nishi, mahaifiyarsa ta ɗauko filo ta tura masa a ƙarƙashin gwiwa, nan take ya ji sauƙi. Sauƙin gaskiya ne, domin gwiwa mai kumburi ta fi son zama a ɗan lanƙwashe. Matsalar ita ce idan ta shafe makonni a haka, tabo yakan taru a ciki, ta ƙi miƙewa gaba ɗaya, mutum ya koma ɗingishi. Akwai waɗanda sai an sake shiga da su tiyata kafin ta saki. Filon a ƙarƙashin dunduniya ake sa shi, a bar gwiwar babu abin da ya tokare ta, nauyinta ya riƙa janyo ta ƙasa har ta miƙe kamar 'yar'uwarta. Da zafi, amma a makonni biyu na farko miƙewa ta fi lanƙwasawa muhimmanci.

Sai kwanciya da sunan lallaɓawa. Naman gaban cinya yana saurin tsotsewa bayan tiyata, har ka ga ƙafa ɗaya ta fi ɗaya siranta a fili. Tun kwanakin farko ake fara tayar da shi: ka miƙe ƙafa a shimfiɗa, ka ɗaure naman cinya kana danna bayan gwiwa ƙasa, ka riƙe na 'yan daƙiƙoƙi, ka saki, ka maimaita sau da dama a yini. Ka riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa don jini ya gudana. Sanda kuma ba abin kunya ba ce. Wanda ya jefar da ita don kada abokai su ganshi da ita, ya ci gaba da tafiya a karkace, jikinsa zai saba da karkacewar. Likita ne ke faɗin ranar ajiye ta, musamman idan an haɗa da ɗinkin guringuntsi, domin shi yana da nasa sharuɗɗan taka ƙafa.

A nan dole a yi maganar gashi. Mun saba duk inda aka ji targaɗe sai ruwan zafi da tawul da man zafi, a murza sosai. Sabon aiki ba ya son haka. Zafi yana ƙara kumburi, ruwa da mai kuma suna iya kai ƙwayar cuta bakin ɗinkin da bai rufe ba. Abin da ake so shi ne ƙanƙara a naɗe cikin tsumma mai tsabta, minti 15 zuwa 20, ƙafa a ɗage sama da ƙirji. Inda wuta ba ta zama, ledar ruwa mai ƙanƙara ta masu sayarwa a unguwa ta wadatar. Haka nan za a sami kawu ko maƙwabci da zai ce a kai wa mai ɗori ya duba. Ba raina sana'ar kowa nake yi ba, amma gwiwar da aka huda ƙashinta aka ɗaure sabuwar jijiya a ciki ba ta ja da murɗawa ba ce. A ba shi haƙuri, a ce likita ya hana.

Abubuwan da ba a jira da su: zazzaɓi, ɗinki yana fitar da mugunya ko wari, gwiwa ta yi zafi rau tana ƙara kumbura, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo. Na ƙarshen yana iya zama gudan jini. Idan ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ya biyo baya, asibiti ake nufa a daren.

Akwai kuma abin da majinyata ke jin nauyin tambaya, shi ne tsuguno. Masai, alwala, zaman tabarma a harɗe, sujada da zaman tahiya, duk suna lanƙwasa gwiwa har ƙarshe. Wanda aka ɗinke wa guringuntsi akan hana shi tsuguno na watanni. A nemi kujerar bayan gida ko a sa kafinta ya huda wata, a yi alwala a zaune a kan abu mai tudu. Salla kuwa addini ya riga ya sauƙaƙa: Annabi (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini da ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ka tambayi likitanka kai tsaye yaushe za ka koma sujada. Babur ma a haƙura da shi tukuna, ko goyo ne, domin tirjiya ɗaya da ƙafa a cunkoso ta isa.

Mutane da yawa suna tara kuɗin tiyata su manta da na fisiyo, wato atisayen farfaɗo da gwiwa a hannun ƙwararre, sai a wata na biyu a daina zuwa. In tafiya Asibitin Ƙashi na Dala ko wani babban asibiti duk mako ta fi ƙarfinka, ka faɗa wa mai yi maka fisiyo gaskiya. Ya rubuta maka atisayen gida, ka ɗauki bidiyonsu a waya, ka riƙa komawa ana dubawa ana ƙara maka mataki. Sigari kuma yana rage saurin warkewa, a ajiye shi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne komawa fili da wuri. Wajen wata na uku ciwo ya tafi, kumburi ya saɓe, yaro yana tafiya garau, ga gasar unguwa ta ƙarato, koci yana ta kira. Abin da yaron ba ya gani shi ne jijiyar da aka dasa tana cikin sauyawa. Sai jini ya shige ta a hankali ta zama jijiyar gwiwa, kuma tsakanin mako na 6 da na 12 tana cikin lokacin da ta fi rauni. Kamar ginin siminti ne da samansa ya bushe cikinsa ɗanye. Wani bincike da aka yi a Norway da Amurka, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa duk wata ɗaya da ɗan wasa ya ƙara jira, har zuwa wata na 9, haɗarin sake rauni yana raguwa da kusan rabi. Cikin 'yan ƙasa da shekara 25 da suka koma wasa kuwa, kusan ɗaya cikin huɗu yakan sake tsinka jijiyar, ko a wannan gwiwa ko a ɗayar.

Virgil van Dijk na Liverpool ya ji nasa raunin na ACL a watan Oktoban 2020 a karawar Liverpool da Everton. Duk da likitocin da ke kewaye da shi, bai sake buga wasa ba sai a Yulin 2021. Ronaldo na Brazil, wanda tasa jijiyar ƙoƙon gwiwa ce, an yi masa aiki a ƙarshen 1999, ya dawo a Afrilun 2000 a wasan Inter da Lazio, cikin 'yan mintuna ta tsinke gaba ɗaya, kakar da ta biyo baya duk a jinya ya yi ta. Kai da za ka koma filin tsakuwa da ramuka, kana da dalilin jira fiye da su.

Kada a haɗiyi tramol ko a yi allurar kashe zafi don a samu a buga. Ciwo da kumburi bayan atisaye su ne ke gaya maka ka wuce gona da iri, in ka toshe su ba za ka san lokacin tsayawa ba. Cikar wata tara ma ita kaɗai ba ta isa ba. Kafin a sallame ka, ana so gwiwa ta miƙe ta lanƙwashe kamar ɗayar, ba ta kumbura bayan gudu, ƙarfin cinya da nisan tsallen ƙafa ɗaya su kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar ƙafar. Bayan nan ma bi da bi ake yi: gudu a miƙe, sai juyi da yanka, sai atisaye da ƙungiya ba tare da gogayya ba, sannan minti 15 ko 20 a wasan sada zumunta. In gwiwa ta kumbura washegari, ka koma matakin da ka baro na 'yan kwanaki, ka sanar da mai fisiyo.