Yadda ake hawan dutse mai kurmi don ganin duwatsun almara

Tun kafin ka ɗaura takalmi, yi lissafin lokaci. William Naismith, wani mahayin dutse ɗan Sikotilan, ya bar ƙa'ida a 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, da ƙarin awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa sama. Babu hutu a ciki, don haka ka ƙara naka. Faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka, sannan ka yi sammako.

A jaka ka sa ruwa, guzuri, tocila, taswirar gandun a takarda, da rigar sanyi ko da rana na ƙwallewa. Kusan digiri 6.5 zafi ke raguwa a kowace mita 1,000, ga gumi ya jiƙe maka baya.

Da ka shiga kurmi, idonka na kan alamar fenti a jikin itatuwa. Ta ɓace? Koma inda ka ga ta ƙarshe, kada ka yanke. Saiwa mai laima ta fi laka santsi, tsallake ta.

In ka iso wurin duwatsun, don Allah ka zauna. Ina jin takaicin wanda ya sha wannan wahala, ya ɗauki hoto, ya juya. Zagaya su a hankali, domin kamannin mutum ko dabba da ake faɗa sau da yawa daga kusurwa ɗaya yake fitowa. Duba tsagar da ruwa ya shiga ya daskare: ruwa na kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya zama ƙanƙara, ita kuma ta yi ta ɓantarar dutse shekara da shekaru. Almarar duwatsun ma ka neme ta tun a gida. Misali, a yankin Harz na Jamus akwai jerin duwatsu da ake kira Teufelsmauer, wato Katangar Shaiɗan. An ce Shaiɗan ne ya so gina ta a dare ɗaya, zakara ya yi cara bai gama ba, ya fusata ya rushe ta. Kada ka kankare sunanka, kada ka tsallake shinge.

Hadari ya haɗo, bar ƙololuwa. Daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da tsawa kusan kilomita ɗaya ce.

Saukowa ta fi cin gwiwa. Ƙara ɗaure igiyar takalmi don kada yatsu su riƙa dukan gaba, ka gajarta taku, ka fito kurmi tun rana na sama, don duhu a can yake fara sauka.