Ƙananan faɗa-wuta a tarkon lambu: inda ake yawan kuskure wajen gane su

A Birtaniya mutane da yawa na kafa tarkon fitila a lambun bayan gida. Akwati ne mai fitila a sama, a ciki an jera kiret ɗin ƙwai na kwali inda faɗa-wuta ke laɓewa. Da asuba a duba, a rubuta sunayensu, a sake su. Nau'o'in ƙasar sun kai kusan 2,500, kimanin 1,600 daga ciki ana lissafa su a rukunin ƙanana, kuma a kansu sabon shiga ke yawan tuntuɓe.

Fara da tabbatar da cewa abin da ka kama faɗa-wuta ne. Akwai ƙwarin bakin ruwa na dangin Trichoptera masu zuwa fitila, su naɗe fukafukai kamar jinka. Ka sa madubin ƙara girma: nasu fiffiken gashi ne, na faɗa-wuta kuwa ɓawo-ɓawo ne mai barin gari a yatsa.

Girma ma yana yaudara. Rabon manya da ƙanana ya bi dangi ne, bai bi awo ba. Cydalima perspectalis, baƙuwa daga gabashin Asiya, faɗinta ya kai santimita 4, amma a cikin ƙanana take. Wanda ya neme ta a shafukan manya na littafin gane faɗa-wuta zai kwana yana nema.

Sai dogaro da launi kaɗai. Epiphyas postvittana, 'yar Ostareliya da ta zauna a Cornwall, a kudu maso yammacin Ingila, tun shekarun 1930, ta sha rikita mutane: namiji yakan zo rabinsa haske rabinsa duhu, mace kusan launi ɗaya, kai ka ce ba nau'i ɗaya ba ne. Yadda ƙwaron ya zauna ya fi launi faɗin gaskiya. Ya baje kamar ƙararrawa ne, ko ya naɗe kamar tsinke a jikin ciyawa? Ya ɗaga gabansa ko bayansa? Saboda haka hoto ɗaya daga sama bai isa. Ka sa shi a ƙaramar kwalba, ya ɗan huce a firij (ba wajen ƙanƙara ba), ka ɗauke shi ta sama da ta gefe, da rula a kusa. Tsawon fiffiken gaba ake aunawa, daga gindi zuwa baki. Plutella xylostella, wadda tsutsarta ke cin kabeji har a gonakinmu, ta gefe siririya ce kawai, sai ta sama ake ganin zanen bayanta mai kama da lu'ulu'u.

Kuskuren da ya fi ɓarna, a ganina, shi ne dagewa sai kowane ƙwaro ya samu suna. Manhajar waya mai gane ƙwari daga hoto za ta ba ka amsa ko da fiffiken ya goge, ba ta jin kunya. Amma akwai irin su 'yan rukunin Cnephasia da yawancin 'yan rukunin Coleophora da ba a raba nau'o'insu sai gwani ya feɗe al'aurarsu a ƙarƙashin madubi. Tsarin tattara bayanai na ƙungiyar Butterfly Conservation mai kare malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta a Birtaniya, wanda ya fara karɓar ƙanana a 2016, ya kasa su mataki huɗu bisa wahalar gane su, na huɗun sai da feɗewa. Idan ka kama irin waɗannan, rubuta sunan rukunin kawai, ko ka ajiye ƙwaron ka tuntuɓi mai tantance bayanan gundumarku. Sunan da aka cusa da ka yakan shiga taswirar inda ake samun kowane nau'i, cire shi kuwa aiki ne.

Kafin ka yi murnar samun baƙon nau'i, duba ko watan fitowarsa ne, duba ko an taɓa ganinsa a yankin, ka kuma duba ko tsiron da tsutsarsa ke ci yana kusa da lambunka.